A Ɗiga Wa Kaji Rigakafi Tun Hunturu Bai Kama Ba

Ko wace shekara, da an ɗaure gero an shiga yankan dawa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, magana ɗaya ake ji a ƙauyukan ƙasar Boɗinga da ta Shagari: "Ciwon kaji ya shigo." Daga Sifawa zuwa Dingyaɗi, daga Kajiji zuwa Dandin Mahe, duk kanwar ja ce. Gidan da ke da kaji 20, kafin mako biyu sai a tarar saura biyu ko uku, wani gidan ma ko na iri ba a bar masa ba. Mata su yi ta yi wa juna jaje, maza kuwa su ce, "To, ai lokacinsa ne," sai ka ce zancen hazo ake yi, wanda ba mai iya tare shi.

To, jama'a, wannan hasara ba tilas ba ce. Ciwon nan yana da rigakafi, a nan ƙasarmu ake yinsa, kuɗin na kaza ɗaya kuwa bai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba. Abin da ya hana shi isowa akurkinmu abu biyu ne, raini da rashin haɗa kai. Su nake so mu duba a wannan mako.

In ka ce da magidanci ya kai sansa a yi masa allura, ba ya ƙi. In ka ce kaza, sai ya yi dariya, ya ce wannan ai sha'anin mata ne da yara. Gaskiya ne yawancin kajin gida na mata ne. Amma ran da baƙo ya sauka da magariba, ina ake nufa? Ran da yaro ya kwana da zazzaɓi, ga shi ba ko kwabo a aljihu, me ake kamawa a aika kasuwa? Kuɗin littafi, kuɗin sabulu, gudummawar suna da ta biki, sau da yawa daga akurki suke fitowa. Akuya sai bukata ta yi girma ake taɓa ta, sa kuwa sai ta kai intaha. Kaza ce ke tare ƙananan bukatun nan na yau da gobe. Ran da babu ita kuwa rumbu ake buɗewa, a auni gero a kai kasuwa da kaka sa'ad da ba shi da daraja, a zo a sayo shi da tsada da damina. Saboda haka mai gidan da ya ce mutuwar kaji ba ruwansa, bai yi lissafi ba ne.

Ga lissafin. Kazar Hausa takan yi kwanci kamar sau 3 a shekara, ko wane kwanci da ƙwai 10 zuwa 12, ko fiye kaɗan. Mu ce ta ƙyanƙyashe 8, guda 5 suka rayu. Kaji 15 ke nan daga uwa guda. Mace mai uwaye 4 tana da 60 a shekara, ba ta sayi buhun abincin kaji ko ɗaya ba. Kowa ya tambayi kuɗin zakara a kasuwar garinsu, ya ninka da kansa.

Ciwon da ke cinye wannan dukiya, likitocin dabbobi suna kiransa Niyukasul, watau da sunan wani gari na Ingila inda aka gane shi a 1926, shekarar da kuma aka gan shi a tsibirin Java na Indunisiya. A Nijeriya an fara tabbatar da shi a wajajen Ibadan, daga ƙarshen 1952 zuwa farkon 1953. Yau fiye da shekara 70 ke nan muna tare da shi. Alamunsa ba sai an koya wa kowa ba. Kaza ta yi tsuru, ta saki fukafukai kamar wadda aka yafa wa bargo, tana gyangyaɗi, ta bar tono. Kashinta ya koma ruwa, kore-kore ko fari-fari. Wata ta riƙa buɗe baki tana haki. Wadda ta jure 'yan kwanaki sai wuyanta ya murɗe, ta riƙa kallon sama tana kewaya wuri ɗaya. Zabi ma suna kamuwa. Agwagi kuwa sukan ɗauki cutar su yi ta yawo da ita garau, su bar kaji da mutuwa.

Mutane sukan ce iska ce ke kawo shi. Sanyi da ƙura suna taimaka masa, ba shakka, amma yawanci a kwando yake zuwa. Hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ba buhunan albasa kaɗai take ɗauka ba. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba fataken kaji suna bin kasuwa kasuwa, suna tara na kai wa Kudu saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, kajin ƙauye goma su kwana a kwando ɗaya. Ga kuma wata al'ada tamu marar kyau. Da mutum ya ga biyu sun mutu a gidansa, sai ya kwashi sauran ya ruga kasuwa da su. Wani ya ga araha ya saya, ya kai gida ya saka cikin nasa. Kazar da ta ɗauki cutar takan yi kwana 5 ko 6, wani lokaci har mako biyu, ba ta nuna kome ba, tana kuwa shafa wa 'yan'uwanta ta kashi da majina. Sa'an nan wadda aka yanka don ta fara gyangyaɗi, a zubar da hanjinta da gashinta a kan juji, kajin unguwa duk su taru su tone.

Ku 'yan kasuwa, sayar da kazar da ka san ciwo ya shiga gidansu ba tare da ka faɗa ba ha'inci ne, kuma kanku yake komowa, gama in ƙauyuka sun zama ba kaji, a ina za ku sayo na baɗi? Kwandon da ya je kasuwa a wanke shi da sabulu a shanya a rana kafin a sake zuba waɗansu. Kai kuma mai saye, ko wadda ta samu kyauta wajen biki, a keɓe baƙuwar kaza nesa da na gida har mako biyu, a ga yadda ta kwana.

Da ciwo ya shigo, abin da aka saba shi ne a aiki yaro kemis ya sayo kafso, mai ja da rawaya, a fasa a zuba a ruwan sha. Waɗansu su daka barkono, waɗansu su jiƙa sassaƙen maɗaci ko gautan kura. Amma ƙwayar da ke kawo Niyukasul irin wadda likitoci ke kira bairos ce, kafso ba ya kashe ta, har yau kuma ba a sami maganin da ke warkar da kazar da ta kamu ba. In biyu suka tashi cikin 20 sai a ce kafso ya yi aiki, alhali kuwa da ma akan sami 'yan kaɗan masu tsira ko ba a ba su kome ba. Ban da hasarar kuɗi, maganin yakan zauna cikin ƙwai da nama mu ci, yawan amfani da shi barkatai kuma yana sa ya daina aiki ran da ɗan Adam ke bukatarsa.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi, tun kaza tana da lafiya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin rigakafin Niyukasul iri iri. Masu gidajen kaji na zamani sun san Lasota, amma shi ba ya jure zafi, in ya bar firji ya sha rana aikinsa ya lalace. Wanda ya dace da mu shi ne mai suna I-2. Masana na Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya ne suka samo irinsa, musamman don kajin ƙauye na ƙasashe masu zafi, Vom kuma tana yinsa. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, ga ɗan tsako na jiya, ga tsohon zakara, duk ɗaya. Ana iya zuba rigakafi a ruwan sha, amma kazar da ke kiwo a sake wata ta sha da yawa, wata ta riga ta sha a gindin randa, saboda haka na ido ya fi tabbas. Naman kazar da aka ɗiga wa da ƙwanta ana ci ba wata illa.

Amma fa a yi hankali. Jure zafi ba ya nufin a ajiye kwalba a aljihun riga, a yini da ita a kasuwa cikin zafin Afrilu na ƙasar Sakkwato, wanda kan wuce maki 40. A firji ake ajiyarta. In za a yi tafiya da ita a sa a fulas da ƙanƙara, in babu a naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma a sa a kwandon da iska ke ratsawa, a inuwa. A haɗa ta da ruwan da aka ba da tare da ita, ko ruwa mai tsabta da aka tafasa ya huce, ban da ruwan famfo mai magani, gama shi yana kashe rigakafin. Abin da aka haɗa da safe a ƙarar da shi a ranar. Kazar da ta riga ta fara ciwo kada a ɗiga mata, ba ya tashe ta, sai dai ya jawo wa rigakafi baƙin jini a ce shi ya kashe ta. Jikin kaza kuma yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya yi ƙarfin tare cutar. Wanda ya jira sai ya ji kajin maƙwabcinsa sun fara mutuwa, ya makara.

Ƙarfin ɗigon nan wata 4 yake yi, saboda haka sau 3 ake yi a shekara. A Mozambik da Tanzaniya haka suke yi, ƙauye ya sa rana, mutanen garin da aka koya wa aikin su bi gida gida. A ƙasarmu, ni a ganina, Oktoba da Fabrairu da Yuni su suka fi dacewa: ɗaya da kaka kafin hunturu, ɗaya kafin bazara ta yi tsanani, ɗaya da faɗuwar ruwa sa'ad da ake sa wa kaji ƙwan zabi. Kada a ɗaura shi da Salla, gama Salla tana kewaya shekara, hunturu kuwa yana nan inda yake.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kwalba guda ta kaji 50 ce, wata 100, wata ma fiye, in an haɗa ta kuwa ba ta ajiyuwa. Mace mai kaji 8 yaya za ta yi da kwalbar 50? Kuma wa zai bar aikinsa ya hau mota zuwa Sakkwato saboda kaji 8? Wannan ne ya sa rigakafin yana nan shekara da shekaru, kaji kuma suna ta mutuwa. Aikin ba na gida ɗaya ba ne, na unguwa ne. Da ma kajin unguwa juji ɗaya suke tono, in an ɗiga wa na gida biyu an bar na gida goma, cutar ba ta bar unguwar ba.

Mai unguwa ya sa rana, a yi shela tun da sauran mako guda, a ce kada kowa ya saki kajinsa da safen nan. Mata masu adashi su ware ɗan abin da za a sayo kwalba, ko kuwa a biya mai ɗigo bisa ko wace kaza, ya sami na goro. Masu ɗigon nan kuwa lalle a sami mata cikinsu. Kaji suna cikin gida ne, namiji baƙo kuwa ba ya wuce zaure, in an ce a fito masa da su rabi za a fito da su. Ba sabon abu ba ne wannan. Shirin Propcom Mai-karfi, wanda gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa aka fara a 2012, ya koya wa mutanen ƙauyuka na waɗansu jihohin Arewa wannan aiki, suna yi ana biyansu. Ba sai mun jira wani shiri ya zo ba. Hannun da ke iya sa wa jariri kwalli zai iya ɗiga wa kaza magani a ido, in malamin dabbobi ya nuna masa sau ɗaya.

Ku kuma malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ke karanta wannan fili, naku aikin a bayyane yake. Ku ne ke zuwa Sakkwato a kai a kai, inda akwai asibitin dabbobi na gwamnati, ga kuma na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku ne za ku iya karanta abin da ke jikin kwalba, ku ga sunan rigakafin, da yawan kajin da take isa, da ranar da aikinta ke ƙarewa. Kada ku saya a shagon da kuka tarar firjinsa a kashe.

Ran ɗigo ne ake gane amfanin akurki. Kajin da ke kwana a kan darni ko a bishiya ba su kamuwa sai an tara yara an yi ta tsere, rabi su tsallake gidan maƙwabta. Su ne kuma abincin muzuru da tunku da dare. Amma akurkinmu na laka shi ma yana da gyara. Yawanci bakinsa ƙarami ne ƙwarai, ba a iya sa tsintsiya, ba iska, kashi ya yi wata da watanni a ciki. Cikin tsagar bangonsa kaskar kaji ke ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jini, mai kaji yana mamakin abin da ke ramar da su ga kuwa dusa yana ba su. A yi masa ƙofa wadda hannu da tsintsiya za su shiga, da murfi mai ƙarfi, a huda tagogi daga sama a rufe da ragar waya don maciji da gafiya, a yaɓe tsaga, a share ko wane mako a barbaɗa toka. Kashin kuwa kada a zubar, masu lambun albasa da tumatir a fadama sun san darajarsa.

In an yi zancen shaho da muzuru sai wani ya jawo maka karin maganar nan, wai zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne. Amma ba a ce ka buɗe wa muzuru ƙofa ba. Kazar da ta fito da 'yan tsaki 10 ta shiga gari da su tun kwana biyu da ƙyanƙyasa, shirwa ta ɗauki nata, hankaka ya ɗauki nasa, ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya raɓa ta kashe shi, bayan wata guda sai ka gan ta da uku. Mako 6 na farko su ne masu wuya. A kife uwa da 'ya'yanta da babban kwando mai faɗi, ko keji na waya, a inuwa, a riƙa matsar da shi sabon wuri. A ba su tsakin gero ko na dawa, da dusa, da ɗan garin tunkuza marar gishiri. Gara ma abinci ce mai kyau gare su, ba a kuwa sayenta: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara take, da safe a zazzage musu. Ruwan sha a kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa ciki don kada su nutse. Waɗansu mata sukan rina 'yan tsaki da galura, wai don shirwa ta ruɗe. Ban hana ba, amma kwando ya fi galura tabbas.

Zancen iri gajere ne. Mun saba mu sayar da ƙaton zakara don ya fi kuɗi, mu bar wa kaji ɗan tsurut, sa'an nan mu ce irin kajinmu ya lalace. A bar mafi kyau. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10, a kuma musanya shi bayan shekara guda da na wani gida da aka sani, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa. Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce kwana 7 zuwa 10 da sakawa. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabo kamar 28, saboda haka ba a haɗa su rana ɗaya a ƙarƙashin uwa ɗaya.

Yanzu kuma ga kajin zamani sun shigo, Noiler da ake ƙyanƙyasa a Awe ta Jihar Oyo, da Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta Abekuta. Daga 2015 zuwa 2019 an gwada irin waɗannan a gidajen manoma na jihohi 5, har da maƙwabciyarmu Kabi. Suna da girma, suna da ƙwai, ban musa ba. Amma suna bukatar ƙarin abinci, ba su da zafin naman tsere wa shaho, yawancinsu kuma ba su damu da kwanci ba. Wadda ta sayar da kajinta na Hausa duka ta sayo su, ta sayar da injin ƙyanƙyasarta ke nan. A shekarun baya an yi shirin musayar zakaru, a karɓi na gida a ba da jajayen zakarun Turawa, bai kuwa ɗore ba, ɗaya daga cikin dalilan shi ne an kawo zakara ba a kawo rigakafi ba. Unguwar da ba ta fara ɗigo ba, sayen kaza mai tsada ƙara wa annoba nama ne kawai.

Saura gargaɗi ɗaya. Akwai murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a Fabrairu 2006 a wata gona ta Jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Da ido ba a iya rarrabe ta da Niyukasul, ɗigon I-2 ba ya tare ta, ita kuma tana iya kama mutum, har ta kashe wata mace a Legas a 2007. Mutanen da ke kusa da dam ɗin Shagari da fadamu, inda tsuntsayen ruwa ke sauka da rani, su ne ya fi kamata su kula. In kajin da aka ɗiga wa suka fara faɗuwa da yawa farat ɗaya, ko kuwa agwagi da talotalo suna mutuwa tare da su, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a bar yara su taɓa. A haƙa rami mai zurfi a binne mushen, a wanke hannu da sabulu, a gaya wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.

Littafin unguwa kuwa, wanda malami zai riƙe, ba ya bukatar fiye da layi huɗu: sunan gida, yawan kajin da aka ɗiga wa, ranar da aka yi, da yawan da suka rage ran zagaye na gaba. A rubuta har da gidajen da suka ƙi, su ma a ƙirga nasu. In an ɗiga a Oktoba, ran da aka dawo a Fabrairu sai a karanta wa jama'a layin nan na ƙarshe a ƙofar gidan mai unguwa, kafin a buɗe sabuwar kwalba.